Buɗaɗɗiyar Wasiƙa: A Auna Mana Ƙasar Gonakinmu Kafin Mu Sake Cin Bashin Taki

Zuwa ga Mai girma Kwamishinan Noma na Jihar Kaduna, da Shugaban Hukumar Bunƙasa Aikin Gona ta jiha, wato KADA, da Daraktocin cibiyar binciken aikin gona ta IAR da cibiyar faɗakar da manoma ta NAERLS da ke Samaru, Zariya.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri.

Ni manomi ne a ƙasar Zazzau. Ina noman masara da dawa da ɗan waken suya a wani ƙauye da ke gefen hanyar Soba. Na rubuto muku ne da yawuna da yawun maƙwabtan gonata, domin maganar ta daɗe tana yawo a tsakaninmu, a bakin masallaci da wurin ɗaurin aure da ranar kasuwa. Roƙonmu ɗaya ne: ku kawo mana awon ƙasa har ƙauyukanmu a wannan rani, tun kafin lokacin sayen taki ya zo.

Ba sai na gaya muku yadda daminar da ta wuce ta kasance a wajenmu ba. Ruwa ya sauka, muka yi shuka, masara ta fito gwanin sha'awa, muka sa kamfa, muka yi noman farko. Daidai lokacin da take neman yuriya sai ruwa ya ɗauke. Tun hantsi za ka ga ganye ya naɗe, ba ya warwarewa sai bayan la'asar. Aka fita sallar roƙon ruwa, yara da manya. Allah cikin ikonsa ya kawo ruwan daga baya, amma a gonaki da yawa ya tarar da masara ta riga ta tsumbure, goyon da ta yi bai wuce tsawon yatsa ba. Wannan hukuncin Allah ne, mun karɓa, kuma dattawanmu da suka ga farin 1973 da na 1984 sun ce abin da muka gani bai kai ko kusa ba. Abin da ya rage a hannunmu shi ne mu san yadda za mu tunkari damina mai zuwa.

Akwai wani maƙwabcina, dattijo mai iyali da yawa, wanda ba zan manta da abin da ya same shi ba. Wata rana da yamma hadari ya haɗu a gabas, ya yi baƙi ƙirin, iska mai sanyi ta taso. Ya kira 'ya'yansa, suka fito da buhunan yuriyar da ya karɓo bashi a kan alƙawarin zai biya da kaka, suka bi gona kunya-kunya suna zubawa a gindin masara, ba tare da sun tsaya rufewa ba, don suna tseren ruwa. Kafin magariba iska ta watse hadarin. Kwanaki suka shuɗe ko ɗigo babu. Da na bi ta gonarsa na duƙa na duba, ƙwayoyin takin sun narke da raɓa, sun bar farin tabo a kan busasshiyar ƙasa, masarar da takin ya taɓa gindinta kuma bakin ganyenta ya ƙone. Ya dube ni ya ce, “Malam, yanzu wannan takin yana nan a ƙasa yana jirana, ko ya tafi?” Har yau tambayar da ke bakin kowa ke nan a ƙauyenmu.

Mutane sun rabu biyu a kanta. Wasu na cewa tunda masara ba ta ci takin ba, ai yana nan, don haka baɗi ba sai an sayi komai ba. Wasu kuma na cewa fari ya kashe ƙasa, sai an ninka abin da aka saba zubawa kafin ta farfaɗo. Kowanne ɓangare yana da hujjar da ke kama hankali, amma dukkansu hasashe kawai suke yi. Na farkon zai iya wayar gari da masara ja-ja-wur a watan Yuli, lokacin da taki ya yi tsada kuma ya yi wuyar samu. Na biyun zai iya sayar da akuyarsa ya sayo abin da tun farko yana kwance a gonarsa.

Abin da muka koya daga malaman gona da ƙasidun da kuke bugawa shi ne, buhun kamfa ba abu ɗaya ne a cikinsa ba. Sinadarai uku ne, naitirojin da fosfaras da fotash, kuma kowanne da halinsa idan ruwa ya ƙi. Fosfaras ba ya yawo. Inda aka sa shi nan yake zama, kuma idan shuka ba ta ja shi ba, wani kaso mai yawa zai kwana a gonar har baɗi, sai dai a jar ƙasa mai tsami wani sashensa yana maƙalewa yadda saiwa ba za ta iya cirarsa ba. Fotash shi ma yana iya zama, amma shi kara ne ke kwashe shi. Bana kuwa, saboda abincin dabbobi ya yi tsada, da wuya ka ga wanda ya bar ko sili ɗaya a gona. An yanke kara ƙarƙaf, an ɗaure, an kai gida ko kasuwa. Wanda ya kwashe kararsa da wanda ya bar shanu suka kwana a gonarsa suka ci suka yi kashi a wurin, ba za a ce ƙasarsu ɗaya ba, ko da kunya ɗaya ce ta raba su.

Naitirojin kuwa shi ne mai wuyar sha'ani. Yuriyar da aka watsa a kan ƙasa ba a rufe ba, rana ta buge ta, kaso mai yawa iska yake bi, kamar yadda ya faru da dattijon nan. Wadda aka tona aka binne tana iya saura. Amma ruwan da ya dawo da ƙarfi a ƙarshen damina yana iya wanke ta zuwa can ƙasa inda saiwar masara ba ta kaiwa, musamman a jigawa. Wadda ta tsira kuma tana fuskantar ruwan farko na watan Mayu, wanda yakan sauka tun shuka ba ta yi saiwar da za ta kama ta ba. Saboda haka babu mai gaskiyar da zai tsaya a bakin gona ya dubi ƙasa da ido ya ce ga abin da ya rage. Uwargida ba ta ƙara wa miya gishiri sai ta ɗanɗana, mu kuwa shekara da shekaru muna zuba taki ba mu taɓa ɗanɗana ƙasar ba.

Ranku ya daɗe, ku duba lissafin da ke gaban manomi. Shawarar da aka saba bayarwa ga masara a wannan yanki ita ce kilo 120 na naitirojin, kilo 60 na fosfaras, kilo 60 na fotash a kowace hekta. Buhun kamfa 15-15-15 mai kilo 50 yana ɗauke da kilo bakwai da rabi na kowane sinadari, ke nan sai an zuba buhu 8 kafin a cika 60. Buhun yuriya yana da kilo 23 na naitirojin, don haka ana buƙatar kusan buhu 3 a cike gurbin da ya rage. Buhu goma sha ɗaya ke nan a hekta guda. A ƙauyenmu 'yan kaɗan ne ke iya wannan. Yawancinmu a tiya muke saye, mu auna da murfin kwalba, mu bi masara ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshen 2016, lokacin da gwamnatin tarayya ta fara shirin haɗa taki a cikin gida da fosfat ɗin Maroko, an tsayar da buhun 20-10-10 a kan naira 5,500. Yau wannan kuɗin ko kusa da buhu ba zai kai ka ba, ga kuɗin mota ya hau tun da aka cire tallafin man fetur a 2023. Idan awo ya nuna wa mutum cewa fosfaras ɗin bara yana nan, ya rage ko da buhu biyu na kamfa ya juya kuɗin zuwa yuriya ko takin gida, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne ga gidan da bai cika rumbu ba bana. Idan kuma awon ya nuna ƙasar ta rame, gara ya sani tun yanzu, ya rage faɗin masarar da zai noma, ya sa gyaɗa ko waken suya ko wake a sauran.

Ita waccan shawarar ta 120 da 60 da 60, an yi ta ne domin yanki gaba ɗaya. Amma wanda ya yi noma a ƙasar Zazzau ya san jigawar da ke tudu daban take da lakar fadamar Galma, gonar bayan gida da ke shan toka da shara kullum daban take da gonar daji da ba ta ga kashin shanu ba tun zamanin kakanni. Fari ya zo ya ƙara raba su.

Abin da ya fi ci mini rai, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami, shi ne ilimin da muke nema ba a Abuja yake ba, ba a Turai yake ba. A nan Samaru yake. Tun 1922 ake binciken aikin gona a wurin, shekaru arba'in kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Irin masarar da muke shukawa mai suna SAMMAZ, da dawar SAMSORG, da gyaɗar SAMNUT, da waken SAMPEA, duk sunan Samaru ne a jikinsu, kuma muna alfahari da haka. A Samaru ne aka buɗe filin gwaji tun 1950 ana kwatanta takin shanu da takin zamani a kan fili ɗaya, shekara bayan shekara, har masana ƙasa na duniya suka san da shi. Daga irin wannan aiki aka tabbatar cewa ƙasar da ake ɗura wa takin zamani shi kaɗai tana yin tsami a hankali, kuma haɗa shi da takin gida shi ne ke riƙe ƙarfinta. Ɗakunan gwajin ƙasa suna nan, masanan suna nan, ɗaliban suna nan. Amma manomin Bomo ko Basawa ko Hunƙuyi ko Dakace, wanda babur zai kai shi ƙofar jami'a cikin ɗan lokaci, zai tsufa bai taɓa tunanin ɗaukar ƙasar gonarsa ya kai a duba masa ba. Ba don ƙin ilimi ba. Bai san ƙofar da zai shiga ba, bai san nawa zai biya ba, kuma yana jin nauyin shiga wurin masu boko da ledar ƙasa a hannu. Ba laifi nake ɗora wa kowa ba. Tazara ce ta daɗe a tsakaninmu, kuma ku ne kuke da ƙafar da za ta fi saurin rufe ta.

Ɗaukar samfurin ƙasa ba aiki ne mai wuya ba, mu ma za mu iya idan an nuna mana sau ɗaya. A bi gona a karkace, a tsaya a wurare goma sha biyar zuwa ashirin, a share ciyawar sama, a tona zurfin kamar taƙi ɗaya, wato santimita 20, a haɗa duka a bokitin roba mai tsabta, a cakuɗa, a ɗebi kamar rabin kilo a ƙulle a leda da sunan mai gona. A kauce wa suri, da gindin bishiya, da inda aka tara taki ko aka ƙona kara, da bakin iyaka. Idan gona rabinta tudu ce rabinta kwari, a raba su. Wannan abu ne da malamin gona ɗaya zai koya wa matasa ashirin a safiya guda. Ɗaliban Tsangayar Aikin Gona da na Kwalejin Aikin Gona ta Samaru da ma suna da aikin koyo a gona a cikin karatunsu. Me zai hana a turo su ƙauyuka su yi shi a gonakinmu? Shiyyar KADA ta Maigana tana iya tsara ranakun karɓa, a bi ranakun kasuwa, a sa teburi a Giwa, a Soba, a Maƙarfi, a Hunƙuyi, manomi ya kawo ledarsa ya karɓi lamba. Sanarwa kuwa ba ta da wuya a ƙasar Zazzau. Idan ta bi ta fadar Mai martaba Sarki zuwa hakimai da dagatai da masu unguwanni da sarakunan noma, limamai suka maimaita ranar Juma'a, Rediyon Tarayya na Kaduna ya faɗa, to ta isa ko'ina cikin mako guda.

Sai dai lokaci shi ne komai. Sakamakon da ya iso a watan Yuni, bayan mutum ya riga ya ci bashi ya sayi taki, takarda ce kawai. Muna so a ɗebi ƙasa tsakanin Janairu da Maris, amsa ta dawo kafin ƙarshen Afrilu. Na san naitirojin yana sauyawa da zarar ruwa ya sauka, kuma awon rani ba zai ba da tabbaci a kansa ba kamar yadda zai bayar a kan tsamin ƙasa da fosfaras da fotash da yawan ruɓin da ke cikinta. To a gaya mana haka ƙarara, a kuma koya mana dabarar da ta dace: a raba yuriya kashi biyu, kada a sa sai ƙasa na da laima, a tona a binne, a duba launin ganye kafin a ƙara. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, wato NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, har da lokutan da ake jin ruwa zai ɗauke. Ya kamata wannan hasashe ya zo mana tare da sakamakon awon, daga baki ɗaya, don mu san ranar da za mu riƙe buhu a ɗaka.

Ita kanta takardar sakamakon, don Allah a rubuta ta da Hausa, kuma da lissafin da muke yi. Manomi ba ya sayen taki da alƙaluman ɗakin gwaji, da buhu da tiya yake saye. A rubuta masa: gonarka tana buƙatar kamfa kaza, yuriya kaza, amalanke kaza na takin gida, ko kuma ƙasarka ta yi tsami, ga abin da za ka yi. Wanda bai iya karatun boko ba a karanta masa, ko a tura masa saƙon murya ta waya. Mata masu gonaki, musamman waɗanda mazajensu suka rasu suka bar su da marayu, kada a manta da su. Da yawansu ba za su zo teburin kasuwa ba, ɗan aike za su turo, kuma su ne asarar tiya ɗaya ta fi yi wa ciwo.

Maganar kuɗi kuma, mun san awo ba kyauta ba ne, sinadaran gwaji da wutar lantarki duk kuɗi ne. Amma gwamnati tana kashe maƙudan kuɗi a kan rabon taki kusan kowace damina. Idan aka ware ɗan kaso kaɗan daga ciki aka biya kuɗin awo, ko aka rage shi yadda manoma biyar masu maƙwabtaka za su iya haɗa hannu su biya, takin da aka raba zai sauka inda ake buƙatarsa. Kuma amfanin ba ga manomi kaɗai zai tsaya ba. Idan aka tara sakamakon gonaki dubbai, jiha za ta sami taswirar ƙasarta gunduma-gunduma. Masana sun daɗe suna cewa ƙasar wannan yanki tana da ƙarancin sulfa da zinki a wurare da dama, alhali kamfar da muka saba saye sinadarai uku kawai take alƙawarin bayarwa. Akwai masana'antun haɗa taki a cikin jihar nan. Da irin wannan taswira za a iya ce musu ga haɗin da ya dace da Giwa, ga wanda ya dace da Soba. In ba haka ba, za a auna ƙasa, a ce wa mutum fosfaras kawai yake buƙata, ya je Sabon Gari ya nemi sufa, wato takin fosfaras, ya rasa, ya dawo da kamfar da ya saba.

Kuma tunda za a buɗe ɗakunan gwaji, a haɗa da takin kansa. Mun sha sayen buhu mai kyan rubutu, a zuba a ruwa a ga yashi ya kwanta a ƙasan kwano. Dokar kula da ingancin taki ta 2019 ta haramta irin wannan algus. A riƙa ɗibar samfuri daga kasuwanni ana dubawa, a bayyana sakamakon kowa ya ji, don awon ƙasa ba zai yi amfani ba idan abin da ke cikin buhu ba shi ne aka rubuta a bayansa ba.

Akwai wani abu da ban ji ana ambata ba. Yawancinmu atarazin muke fesa wa masara don kashe ciyawa, kuma a shekarar da ruwa ya yi ƙaranci yakan daɗe a ƙasa bai ruɓe ba. Wanda ya yi niyyar juya gonarsa zuwa waken suya ko gyaɗa saboda tsadar taki yana buƙatar a faɗakar da shi, a nuna masa yadda zai ɗebi ƙasar a tukunya ya shuka ƙwayoyi kaɗan ya ga yadda za su fito kafin ya zuba irinsa duka.

Sannan ga masu hayar gona, waɗanda suna da yawa a kewayen Zariya, daga ma'aikata zuwa matasan da ba su gaji fili ba. Mutum ya biya haya, ya zuba buhunansa, fari ya hana shi cin moriya, yanzu kuma mai gona ya ce zai karɓi abarsa ko ya ƙara kuɗi. Fosfaras ɗin da ya saya da guminsa yana kwance a gonar, wani ne zai girbe. Irin wannan rigima tana zuwa gaban masu unguwanni, kuma ba su da abin da za su dogara da shi sai rantsuwa da shaidar maƙwabta. Takardar awo za ta ba su abin dubawa idan za su roƙi mai gona ya bar wa ɗan haya shekara guda ya mayar da asararsa.

Mu a namu ɓangaren mun shirya. Mun yi magana da mai unguwarmu da limaminmu, kuma akwai matasa da suka yarda su bi gonaki da bokiti da fartanya idan aka turo wanda zai nuna musu. Za mu rubuta sunan kowace gona, da abin da aka shuka a cikinta bara, da irin takin da aka sa da yawansa, da ko an kwashe kara ko an bar wa dabbobi, domin masananku su sami abin da za su haɗa da sakamakon gwaji. Za mu kai ledojin duk inda kuka ce, ko Samaru ko Maigana. Abin da muke jira daga gare ku shi ne a sanar da mu ranar karɓa, da wurin, da abin da za mu biya.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira, ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam.

Naku,
Wani manomi daga ƙasar Zazzau, a madadin maƙwabtansa.